Yara masu otizim: aikin yana cikin gida da makarantar unguwa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan yara masu lalurar otizim, wadda kafafen labarai suka saba kira galahanga, da sauran yara masu buƙata ta musamman. Duk ranar 2 ga Afrilu, wadda ake tunawa da wannan lalura a duniya tun 2008, ana buga jawabai da hotunan taro. Amma uwar da ke zaune da ɗan shekara huɗu wanda bai taɓa ce mata Umma ba, takan gama sauraro ba ta ji abin da za ta yi gobe da safe ba. Ita muka rubuta wa wannan wasiƙa, da mijinta, da malamin aji ɗaya da za a kai wa yaron.

Sunan ma kansa yana ɓatar da mutane. A bakin jama'a, galahanga ta haɗe lalura uku da ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai ciwon Dawun, wanda ake ganewa a fuskar jariri, kuma kusan rabin masu shi suna zuwa da matsalar zuciya, don haka awon zuciya suke fara buƙata. Akwai shanyewar jiki da ke biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwa, daga doguwar naƙuda ko shawarar jarirai da aka tsaya ana shanya yaro a hantsi har ta yi ɓarna; shi ne yaron da wuyansa bai tsaya ba, wanda wasu ke kira ɗan ruwa, kuma likitan gashi da motsa gaɓoɓi yake buƙata. Sai otizim, wanda ba a ganinsa a fuska ko a jiki. Yaro lafiyayye, yana gudu yana hawa katanga, amma magana da hulɗa da mutane sun yi masa wuya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 ne ke da shi, kuma an fi gano shi a maza, wajen ninki huɗu.

Alamunsa suna bayyana kafin shekara biyu. Ɗan shekara ɗaya da ake kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya gwaranci, ba ya ɗaga hannu ya yi ban kwana. Ɗan wata 16 da ba shi da kalma ko ɗaya. Ɗan shekara biyu da ba ya haɗa kalma biyu da kansa. Ko wanda ya fara cewa Baba da ruwa, sai kalmomin suka ɓace. Alamar da ta fi kowacce amfani ita ce nuni da yatsa: yaro yakan ga jirgi ya nuna, sannan ya juyo ya dubi fuskar uwarsa don ta gani tare da shi. Mai otizim ya fi kama hannunki ya ja ki har bakin randa ya ɗora hannun a kan moɗa, bai dube ki ba. Za a ga yana jera marafen kwalba a layi, yana juya murfin tukunya, yana kaɗa hannuwa, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, yana toshe kunne idan an tayar da janareto ko injin markaɗe. A nan ne dangi kan ce nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya shekara huɗu. Mai nauyin baki kawai yana nuni, yana kallon ido, yana wasan ɗiyar roba da ɗaukar saƙo. Kuma cire beli ko yanke jijiyar ƙarƙashin harshe a wajen wanzami ba ya buɗe bakin kowa, sai dai zubar jini da ciwo.

Matakin farko awon ji ne. Tafa hannu a bayan yaro ba awo ba ne, don yana jin iska kuma yana ganin inuwa. Sanƙarau da ƙyanda da shawara duk suna kurmantar da yaro, kuma kurma hanyar koyarwarsa daban. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. In ji lafiya lau, sai likitan yara ko na ƙwaƙwalwar yara. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna otizim, don haka kada a ƙarar da kuɗi a nan. Da tarihi da kallon yaro ake ganewa. A je da bidiyo uku a waya, kowanne minti ɗaya ko biyu: yana wasa shi kaɗai, ana kiran sunansa, da lokacin da ya birkice. A ɗakin likita yaro ba ya nuna halinsa na gida.

Dalilin lalurar yawanci gado ne na halitta. Ba laifin uwa ba ne, ba hannun kishiya ba ne, kuma ba allurar rigakafi ba ce. Wannan jita-jita ta taso ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998 a kan yara 12 kacal, wanda aka janye a 2010 aka kuma ƙwace lasisin likitan da ya jagoranci rahoton. A 2019 an fitar da binciken yara sama da 650,000 a Denmak, ba a ga wata alaƙa ba. Addu'a kuwa ba mai hana ta, mu ma da ita muke farawa. Abin da muke ƙi shi ne dukan yaro da sunan fitar da aljani, da turara masa barkono a rufaffen ɗaki, da kai shi gidan mari.

Yanzu ga aikin gida, kuma ba sai an jira takardar likita ba. Yawancin ihun yaron da ba ya magana ihun wanda ya rasa hanyar roƙo ne, don haka a fara ba shi hanya. A nemo abin da ya fi so a duniya, ƙuli-ƙuli ne, ko dabino, ko awara. A ɗauki hoton ainihin abin da waya, a wanke shi, a manna a kwali kamar faɗin tafin hannu, a lulluɓe da salatif don kada ya jiƙe. A yanyanka abin ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Mutum biyu ake buƙata. Ɗaya ya zauna a gaban yaron riƙe da guntun dabino, bakinsa shiru. Ɗaya ya zauna a bayansa. Da yaron ya miƙa hannu, na baya ya kama hannun ya ɗaukar masa hoton ya sa a tafin na gaba. Nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, na gaba ya ba shi ya ce «dabino», kalma ɗaya tak. A maimaita sau 30 zuwa 40 a yini, a rarraba, kada a tara a zama ɗaya. Na baya ya riƙa janye taimako: yau tafin hannu, gobe wuyan hannu, jibi gwiwar hannu, har ya daina taɓawa. In yaron ya iya, sai na gaba ya riƙa matsawa nesa, taku ɗaya, taku uku, har tsakar gida, don ya koyi ɗaukar hoto ya bi mutum da shi. Bayan nan a ajiye hoto biyu, na abin da yake so da na abin da bai damu da shi ba, kamar cokali. In ya miƙa cokali, cokalin za a ba shi. Da haka zai gane hoton magana ce.

Wurare huɗu wannan aiki ya fi lalacewa. Uwa ta riƙa cewa «ba ni hoton». Sai yaro ya koyi jiran umarni, alhali so ake ya fara da kansa. Ko a yi bayan ya ƙoshi. Ko a bar dabinon inda hannunsa ke kaiwa, to me zai sa ya roƙa? Ko uwa kaɗai ke yi, uba da kaka suna miƙa masa da zarar ya yi ihu. Tsoron da iyaye ke yi cewa hoto zai hana magana ba shi da tushe. Yara da yawa a kan hoton suke fara furta kalmar. Kuma a rage surutu. In ba shi da kalma, a yi masa kalma ɗaya. In yana da ɗaya, a yi masa biyu. A faɗa sau ɗaya, a ƙirga goma a zuci kafin a sake, don maimaitawa da sauri tana rushe abin da yake ƙoƙarin haɗawa a kansa. Wasu makarantun kuɗi sukan ce wa iyaye a daina yi masa Hausa, wai harshe biyu na rikita shi. Wannan kuskure ne. Harshen da kakarsa da ƙannensa da mai shagon layi ke yi, shi zai rayu da shi.

Sai birkicewa da cizo da buga kai da bango. Ruwa ba ya tsami banza. Ko yana son wani abu, ko yana gudun wani abu, ko yana neman a kula shi, ko ƙara da haske da cunkoso sun fi ƙarfinsa, ko kuma wani wuri na masa ciwo. Na ƙarshen nan a fara da shi: haƙori, kunne, taurin bayan gida, gyambon baki. Yaron da ya soma buga kai kwatsam, a duba bakinsa da kunnensa kafin a ce taurin kai ne. Sannan a sayi littafin rubutu a raba shafi gida uku: me ya faru kafin, me ya yi, me aka yi masa bayan nan, da ƙarfe nawa. Mako biyu sun isa zaren ya fito. In an ga duk sanda ya yi birgima a bakin shago ana saya masa biskit, to an koya masa birgima ce kuɗin biskit. Gyaransa a ba shi hoton biskit ya roƙa da shi, a daina biya da birgima. Amma iyaye su sani, kwanakin farko abin ƙaruwa zai yi, don yana gwada ko ƙara murya za ta yi aiki. Wanda ya sare a kwana na uku ya miƙa biskit, ya koya masa ihu mafi ƙarfi ne ke biya. In kuwa ƙarar lasifikar biki ce ta birkita shi, wannan ba rigima ba ce, wahala ce: a fitar da shi wuri mai shiru, a rage magana, a sa matashi tsakanin kansa da bango, a jira. Bulala ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu, don ba ta nuna masa abin da zai yi a madadin, kuma yaro mai kwaikwayo zai juya ya daki ƙaninsa.

Koyon banɗaki shi ne ƙofar makaranta, don da shi aka fi korar yara. Kwana uku zuwa bakwai a riƙa duba wandonsa duk rabin awa ana rubuta lokaci. In an gane lokutansa, a cire famfas da rana gaba ɗaya, a sa masa wando mai roba. A zaunar da shi a fo minti uku zuwa biyar, musamman minti 15 zuwa 20 bayan ya ci ko ya sha. In ya yi, tukwici nan take, da abin da ba ya samu sai a wannan wuri. In ya ɓata wando, a canja masa ba faɗa ba dogon bayani. Da yawa masai suke tsoro, saboda duhu da rami da ƙudaje, don haka a fara da fo a inda ya saba, a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan har bakin banɗaki. Tsarki da buta da wanke hannu kuwa daga ƙarshe ake koyar da su: a yi masa duka, a bar masa matakin ƙarshe, in ya iya a bar masa biyu na ƙarshe. Haka sa riga, haka alwala. Ɗiya mace a fara nuna mata audugar mata tun tana shekara tara ko goma, kafin jinin ya zo ya firgita ta, kuma maza da mata a koya musu sassan jikin da ba mai taɓawa. Yaron da ba ya iya ba da labari shi mugu ke nema.

Abinci a gajarce: a ajiye sabon abu kamar ƙwayar wake a gefen wanda ya saba, sau goma zuwa sha biyar a kwanaki daban-daban, ba tilas. Ɗure haɗari ne, musamman ga mai shanyewar jiki. Shi a zaune ake ba shi, haɓa ta ɗan sunkuya, kunu mai kauri, ƙaramin cokali. A kwance abincin huhu yake tafiya, daga nan sai nimoniya. Farfaɗiya kuma takan zo tare da otizim. A kwantar da yaro a gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. In ta wuce minti biyar, asibiti. Yawunsa ba ya harbin kowa. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so. Akwai magungunan da likita kan ba wanda ke ji wa kansa ciwo, amma suna sa ƙiba da barci, ba na saye a kemis ba ne. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a mayar da sakatar ƙofa sama, a ɗinka lambar wayar uba a cikin rigarsa, a sanar da maƙwabta da mai unguwa. Yaran nan suna son ruwa kuma ba su san haɗarinsa ba, ga kududdufai cike da damina.

Malam Edita, mu zo makaranta. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta karɓe su kuma ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya sami horo. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika tun Janairun 2024. Makarantunmu na musamman, tun daga ta makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953 har ta Tudun Maliki a Kano, an gina su ne domin makafi da kurame. Mai otizim yana gani yana ji, ajin maganar hannu ba nasa ba ne. Cibiyoyi masu zaman kansu kuma sun taru a Abuja da Legas da kuɗin da talaka ba zai iya ba. Saboda haka firamaren unguwa ce makomar mafi yawansu, kuma ana iya shirya ta.

Kafin a sa shi, a kai shi sau uku ko huɗu bayan an tashi, ya ga ajin ba kowa, ya zauna a bencinsa, ya ga banɗaki. Makon farko awa ɗaya, uwa ko yayarsa tana kusa, sai a riƙa ƙara rabin awa. Wanda aka jefa cikin yara tamanin tun daga ƙarfe takwas har azahar a ranar farko, da wuya ya yarda ya koma. A zaunar da shi a gaba, a bakin benci, nesa da taga da ƙofa. A manna masa hoto huɗu ko biyar a jere: taron safe, karatu, tara, banɗaki, gida, in an gama kowanne ya cire shi da hannunsa. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne rashin sanin me ke tafe, don haka in malami zai canja ko za a yi jarrabawa, a gaya masa tun da wuri. A zaɓi yara biyu masu haƙuri su riƙa tafiya tare da shi lokacin tara, ana sauya su duk mako don kada nauyin ya gundure su, don a filin wasa ake jifa da kiran mahaukaci. Iyaye su rubuta wa malami shafi ɗaya: abin da yake so, abin da yake tsoro, alamar da yake yi kafin ya birkice, da abin da ke kwantar da shi. Duk zango a tsayar da buri uku da za a iya ƙirgawa. «Ya natsu» ba buri ba ne. «Ya zauna minti goma a benci», «ya roƙi banɗaki da hoto», «ya rubuta sunansa», waɗannan ana iya cewa an cim ma ko ba a cim ma ba. A Islamiyya ma haka. Wasunsu suna da kaifin hadda har su ba manya mamaki, amma karatun taro da ƙarfi yana cutar da kunnensu, sai malam ya ware masa minti goma kafin sauran su iso.

Mun san malami ɗaya da yara tamanin ba zai yi wannan shi kaɗai ba. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo suna yaye malaman wannan fanni duk shekara, sai a ɗauke su a ba su lissafi ko Turanci. A ware ɗaki ɗaya a babbar firamare ta kowace mazaɓa, a sa irin wannan malami da yaran da ba su wuce goma ba, ya riƙe su da safe, sannan ya zagaya makarantun kewaye yana nuna wa malaman aji. Daga kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa ke rabawa, kashi 2 cikin 100 na ilimin masu buƙata ta musamman ne.

A cikin gida kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ba ta barci ba za ta iya musayar hoto sau arba'in ba. Uba ya ɗauki wani lokaci tsayayye, ko daga la'asar zuwa magariba, ya fita da yaron, ya je da shi shago, ya saba masa da mutane. Kada a cire yayarsa daga makaranta don raino. An yi asarar yara biyu ke nan. Kada a kulle shi a ɗaki in baƙi sun zo. A sa ido a kan ƙannensa, don kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka haifa bayan mai otizim su ma sukan zo da shi. Daga shekara 12 a fara sana'a mai tsari da maimaici, irin su ba dabbobi abinci, ƙulla kaya a leda, tsince hatsi, jera kaya a kanta, don kada bara ta zama gadonsa. Rabonsa na gado kuma yana nan cif kamar na kowa a shari'a. A tsayar da amintaccen waliyyi da shaidu tun iyaye suna raye.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, ka tura wakilanka hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu su tambayo abu uku: nawa suka karɓa daga wancan kashi 2 a bara, malaman ilimi na musamman nawa ke cikin ma'aikatansu kuma me suke koyarwa yanzu, da kuma ofishin da uba zai kai ƙara in hedimasta ya ce ba ya karɓar ɗansa. Ka buga mana amsoshin jiha-jiha.

Wassalam.

Daga wasu malaman ilimin yara masu buƙata ta musamman, Kano.